Mai faci ya ga yanka a gefen tayata, ya yi shiru ya karɓi kuɗina

Wallahi yau kwana uku ke nan amma raina bai daina tafasa ba, duk lokacin da na kalli ƙafafuna da suka kumbura sai abin ya dawo min sabo. Ni mutum ne mai neman na kaina da keke a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, duk ranar Lahadi nakan je kasuwar Pitoa in saro albasa in kawo wa masu tebur a unguwa, da shi nake ci da iyali, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. Keken ma tsohuwar Phoenix ce mai birkin ƙarfe, taya 28, ta girmi babban ɗana.

Ranar Asabar da yamma tayar baya ta sace. Na tura zuwa wajen wani yaro mai faci da ke bakin titi, ba zan faɗi wurin ba don ba tona asiri na zo yi ba, amma shi ya san kansa. Na ce masa ƙanena duba min da kyau, gobe kaya zan ɗauko daga nesa. Ya ce yaya kar ka damu. A gabana ya zare tub ɗin, ya tsoma a ruwan bokiti, ya ga inda ke kumfa, ya goge, ya shafa sholisho, ya manna faci. Kuma na ga sanda ya zura hannu cikin tayar yana lalube, yatsansa ya tsaya a waje ɗaya, ya ɗan juya ta ya kalla. Na ce lafiya? Ya ce ba komai yaya, ƙaya ce. Ya mayar, ya buga iska, ya karɓi dala arba'in, wato sefa 200, na yi masa godiya har da sa albarka.

Ashe yanka ne a gefen tayar, tsawonsa ya kai gaɓar yatsa, daidai saman bakin rim inda laka ta rufe. Ya gani. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa.

Duk wanda ya yi wata ɗaya yana faci ya san gefen taya ba kamar bayanta mai taka ƙasa ba ne. Can roba ce mai kauri, ko ƙusa ta shiga ƙaramin rami za ta bari, ka liƙe tub ka ci gaba da tafiya. Amma gefe ɗan siriri ne, zaren da aka saƙa a ciki ne ke riƙe da iskar gaba ɗaya, in zaren nan ya tsinke to babu abin da ke tare tub ɗin, da an buga iska zai leƙo ta wajen kamar ƙurji, ana tafiya gefen na lanƙwasa yana miƙewa bakin yankan na cizonsa, yankan na ƙara buɗewa, har ya fashe. Ko faci goma ka jera a jikin tub aikin banza ne muddin ƙofar na buɗe.

Haka kuwa aka yi. Da safe na tafi lafiya don babu kaya. A dawowa, buhun albasa ɗaya da rabi a kan kariya, rana ta take, zafin Afrilu na Garwa wanda kwalta kanta ke laushi, ban fi rabin hanya ba sai na fara jin bayan keken na ɗan tsalle, dum, dum, dum. Kafin in ja birki sai ji na yi tau! kamar an harba bindiga. Keken ya kwashe ni, Allah ne ya sa gefen daji na faɗa ba cikin titi ba, domin hanyar nan ce manyan motoci masu zuwa Marwa da Kusiri da Njamena suke bi, kuma a lokacin wata tirela na bayana. Buhu ya yage, albasa ta watse har cikin kwalta, ina tsince ina kallon motoci na murƙushe saura.

Tsakanin Pitoa da Garwa wajen kilomita 15 ne. Ku lissafa rabin wannan a ƙafa, da tura keke mai kaya a kan rim, ba inuwa, ruwan gorata ya ƙare. Na tsayar da mai mashin ya faɗi kuɗin da ya fi ribar da zan samu a ranar, kuma ban ga laifinsa ba, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigo mana da shi daga can ta bayan fage, ya yi tsada kowa ya sani. Sai bayan la'asar na shigo gari, masu tebur biyu sun riga sun saya a wajen wani.

Washegari na kai keken wajen wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Yana ganin tayar ya girgiza kai ya ce ɗana wa ya yi maka wannan aikin? Tub ɗin ya tsage tsawon taƙi, ba ya gyaruwa, sai sabo. Rim ɗin ya lotsa waje biyu saboda turawar da na yi. Sannan ya zaunar da ni a benci ya yi aikin a gabana. Ya wanke wajen ya bari ya bushe. Ya ɗauko basilla da zaren lailon irin na masu gyaran takalmi ya ɗinke bakin yankan, yana soka allurar nesa kaɗan da bakin inda zare ke da sauran ƙarfi. Ya yanko ƙyallen tsohuwar taya, ya cire wayar bakin, ya fere gefunan da reza har suka yi laushi don kada su ci sabon tub, faɗinsa ya ninka yankan ta ko'ina, ya shafa gam ya jira ya sha iska tukuna ya manna ta ciki. Da ya buga iska bai cika ta tam ba, ya juya ƙafar a hankali yana kallon wajen ko zai kumburo. Har birkin ya duba ko roba na gogar taya.

Kuma ya gaya min gaskiya, ya ce wannan na lallaɓawa ne kawai, zai kai ka sati biyu ko uku in ka rage kaya, ka nemi kuɗin sabuwa, kuma kada ka kuskura ka mayar da ita gaba don in ta gaba ta fashe kai ne a ƙasa. Ya ce ko a daji abin ya same ka, ninke ɗan buhun siminti ko guntun tamfol ka sa tsakanin tub da taya zai kawo ka gida. Na ce Baba wannan maganar kaɗai nake nema ranar Asabar. Minti nawa za ta ɗauki yaron nan? Da ya ce yaya tayarka ta yanke, ni ban iya ɗinki ba, je wajen wane, wallahi da na ƙara masa kuɗi a kan na facin.

Sabuwar tayar ma wani ciwon kai ne, yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu ka matsa gefensu da yatsa kamar leda, wata kaɗan a ranar nan tamu duk sun tsattsage, kuɗin kuma kullum gaba yake yi. To talaka ya yi yaya, kayan ba ƙarko, mai gyaran kuma ba amana.

Na koma wajen yaron jiya da tsagaggen tub ɗin a hannuna. Ban zage shi ba, na ajiye masa a kan bencinsa na ce ƙanena ka ga yankan ko ba ka gani ba? Ya sunkuyar da kai yana wasa da famfo, can ya ce ai yaya faci ka ce in yi maka, ba ka ce in duba taya ba. Na ce ban ce maka kaya zan ɗauko ba? Ya yi shiru. Ya zaro dala arba'in ɗin zai miƙo min, na ce riƙe abinka. Sabon tub, gyaran rim, albasar da motoci suka take, ga ciniki na ranar da ya wuce, duk na lissafa sun haura jaka 7, wato sefa dubu bakwai, kuma Lahadi mai zuwa da wannan ɗinkakkiyar tayar zan sake hawa hanyar Pitoa, da rabin buhu.