A karɓe makullin motar nan kawai

Wai har yanzu akwai masu cewa a kai direban nan wajen ruƙiyya? To sannunku likitocin Facebook. Mutum ya bi ta kan mai lemu da rana tsaka a bakin tasha, ya fito yana rantsuwa bai ga kowa ba, ku kuma har kun gama yanke hukunci, wasu sun ce ƙwaya ya sha, wasu sun ce iska ce ta rufe masa ido. Alhali kowa a unguwa ya san ya daɗe yana fama da ciwon hanta, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, amma kullum shi ke ɗaukar fasinja ba wanda ya ce uffan.

Idan hanta ta taurare ta cika da tabo, ba ta iya tace dattin da ke fitowa daga hanji, musamman amoniya, sai jini ya kwashe shi ya kai ƙwaƙwalwa. Kuma ba sai mutum ya fara sambatu ba fa. Akwai matakin farko da za ku gaisa lafiya lau, ya ƙirga kuɗinsa daidai, ya ja ku hira, amma lura da abin da ke gabansa ta ragu, saurin taka birki ya ragu. Idon ƙalau yake, ko asibitin ido aka je za a ce ba komai. Ya gani ɗin, ƙwaƙwalwar ce ta makara kafin ta gane me aka gani, kuma a kan titi makarar daƙiƙa ɗaya ta isa a rasa rai.

Gwajin ma ba wani tsada ba: takarda da biro, lambobi 1 zuwa 25 a warwatse, a ce ya haɗa su a jere ana duba agogo. Ko a ce ya lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Wasu asibitocin suna da wata jar fitila mai ƙiftawa da sauri, ana rage saurin har sai mutum ya lura tana ƙiftawa, mai wannan lalura sai an rage sosai kafin ya ankara.

Na san za a ce to da me zai ciyar da iyali. Mai lemun fa, shi ba shi da iyali ne? Wai ai ya tsufa a tuƙi. Hanta ina ruwanta da lasisi! Addu'a kuwa a yi ta, ba wanda ya hana, amma a karɓe makullin tukuna.

Wallahi tausayinsa nake ji, don abin yana da magani. Akwai laktulos, ruwa ne mai zaƙi da likita ke bayarwa don a riƙa samun bahaya mai laushi sau 2 ko 3 a rana, dattin ya fita, mutane da yawa hankalinsu na dawowa. In kun ga naku mai ciwon hanta ya koma barci da rana ido biyu da dare, ko ya miƙa hannu yana karkarwa, ku kai shi asibiti, kada ku ba shi maganin barci.

Af, su kuma masu lasifikar nan na cikin tasha da jarka ɗaya ke maganin hanta da basir da sanyi da ƙarfin maza, wai waye yake ba su izini ne? Tun asuba suke hana mu sakat.