Dokar Sa Hannun Mutum Biyu

A ofishinmu da ke Garwa mu huɗu ne muke rubuta manhaja, sai na biyar, wato Alhaji, ƙanen mahaifiyata, wanda shi ya zuba jari kuma shi ke biyan albashi, ko da yake saninsa da na'ura bai wuce sauraron saƙon murya a WhatsApp ba. Aikinmu shi ne yi wa 'yan kasuwa manhajojin lissafi da rasidi, daga masu kantin magani zuwa dillalan albasa da hatsi, har da masu motocin da ke jigila tsakanin Ngaundere da Marwa. Kowane aiki yana da rumbunsa a GitHub, inda ake ajiye rubutun manhajar tare da tarihin duk wani gyara da aka taɓa yi masa, da sunan wanda ya yi, da ranar da ya yi. Sannu a hankali rumbunan suka taru har suka haura talatin, kowanne da saitinsa daban, domin duk wanda ya buɗe sabon rumbu yakan saita shi ne gwargwadon yadda ya tashi daga barci a ranar.

Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani ya hana ni cin abincin rana. Wani yaro da ya yi mana koyon aiki, wanda tuni ya tafi jami'a a Ngaundere, har lokacin yana da ikon goge komai a ko'ina. Wani rumbun an bar shi a buɗe ga duniya baki ɗaya, da kalmar sirrin wani mai kantin magani kwance a cikinsa. Tun ranar 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura gyara daga kwamfuta, sai da wani dogon makulli na haruffa da lambobi, ni kuwa na tarar da ɗaya daga cikin makullanmu an kwafe shi da biro a bayan kalandar bango, kusa da lambar mai kawo mana shayi. Ofishin namu ya zama kamar gidan haya da kowane tsohon ɗan haya ya tashi da makullinsa a aljihu.

Sai na ɗaura ɗamarar gyara. Na rubuta wani gajeren umarni wanda zai bi rumbunan duka ya sa musu doka iri ɗaya: babu mai taɓa babban reshe kai tsaye, wato ainihin kwafin manhajar da ake aiki da shi, kowane gyara sai an gabatar da shi, kuma sai mutum biyu sun duba sun amince kafin ya shiga. Akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko dokar ta hau kan shugabanni ma, na danna shi da ƙarfin zuciya, domin ba na son a ce na kafa doka na tsame kaina. Na ɗaure sabar, wato kwamfutar da manhajojin ke aiki a kanta, ta yadda ba za ta karɓi komai ba sai abin da ya fito daga babban reshe. Daga nan na kwashe ikon canza saiti daga hannun kowa, har da ni, na bar asusun Alhaji shi kaɗai a matsayin mamallaki, tunda dukiyarsa ce. Na sa masa manhajar tantancewa a wayarsa, irin wadda GitHub ya fara wajabta wa masu rubuta manhaja tun watan Maris na 2023, na buga masa lambobin ceto guda 16 a takarda, waɗanda ake shiga asusun da su idan babu wayar, na ce, "Kawu, ka adana wannan inda kake adana takardun fili, kada ka ba kowa, ko da ni ne na zo da kaina." Ya ninke ta, ya ce in sha Allahu.

A cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kuma fankar ofis ke hura wuta, wani dillalin hatsi na Kusiri ya kira yana faɗa. Mutanenmu da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, saboda haka manhajarsa takan karɓi farashi da dala ta ninka shi sau biyar ta buga rasidi da sefa. Wani tsohon gyara ya sa tana ninkawa sau biyar, sannan ta sake ninkawa sau biyar, buhun da ya kamata a rubuta sefa 20,000 sai ga shi ya fito 100,000, har wani mai saye da ya ƙetaro daga Njamena ya tambaye shi ko zinariya yake aunawa. Gyaran layi ɗaya ne tak, kafin shayina ya huce na gama shi, na tura, sai allo ya nuna mini jan rubutu cewa ana buƙatar amincewar mutum biyu.

GitHub ba ya barin mai gyara ya amince da gyaran kansa, kuma a ganina wannan hikima ce. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya danna amincewa nan take, ba tare da ya karanta ko harafi ɗaya ba, saura mutum ɗaya ke nan. Abokin aikina na biyu yana Marwa ana ɗaura masa aure, wayarsa tana hannun abokan ango. Ta uku kuwa tana jego, ko suna ba a yi ba, kuma duk rashin kunyata ba zan iya shiga gidan mutane da kwamfuta a hammata in ce mai jego ta duba mini lissafin dala ba. Wani abin takaici shi ne umarnin nawa ya bi reshen da ke da sunan main ne kawai, alhali sai a watan Oktoba na 2020 GitHub ya fara kiran babban reshen sababbin rumbuna da wannan suna, tsofaffin namu duk master suke. Sakamakon haka duk ayyukan da ke kawo kuɗi sun kulle gam, rumbunan da masu su suka daɗe da daina biya kuwa suna nan a wangale, ina iya rubuta abin da na ga dama a cikinsu.

Mafita ɗaya ta rage, wato in shiga asusun Alhaji in sassauta dokar, shi kuma Alhaji ya tafi Njamena ta'aziyya da wayar a aljihunsa. Manhajar tantancewa tana nuna lambobi shida, kuma duk daƙiƙa 30 sai su canza. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari bai taɓa gaisawa da kawuna ba. Na kira na ce, "Kawu, ranka ya daɗe, lambobin nan na waya nake so ka karanto mini." Ya ce, "To ɗana, ya gida? Ya mahaifiyar taka? Ya zafi? An samu wuta kuwa?" Kafin mu kai ga iyali lambobin sun riga sun mutu. Da ya fara karantawa kuma sai ya ɗauko su bibbiyu da Faransanci, yadda ake faɗin lambar waya, ya ce huɗu, na rubuta, ya ce ashirin, na rubuta, ya ce goma sha bakwai, ashe casa'in da bakwai yake nufi. Muka koma Hausa, sai wani ya shigo zauren makoki, Alhaji ya ajiye ni a kan layi ya shafa fatiha. Daga ƙarshe ya ce wayar tana yi masa wasa da hankali, duk sanda ya duba sai ta sake magana, kuma shi bai saba hulɗa da mai magana biyu ba.

Na hau babur na nufi gidansa neman takardar ceto. Hajiya ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwan sanyi, ta saurari bayanina har ƙarshe, ta tabbatar mini takardar tana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado tare da takardun fili, makullin ma ga shi a bakin zaninta. Sannan ta ce, "Amma ɗan nan, ai Alhaji cewa ya yi ko kai ne ka zo da kanka kada a ba ka, kuma ya ce kai ka faɗa masa haka." Na yi rantsuwa, na kawo dalilai, ta ce ai ɓarawo ma da dalili yake zuwa. Da na koma ofis yaron nan ya yi ƙasa da murya ya ce garin neman gira an rasa ido, na ce masa idon yana nan lafiya lau, rufe shi kawai aka yi da kyau, kuma har gobe ina kan bakana cewa dokar ba ta da aibu. A can Kusiri kuwa dillalin ya ɗauki wani ɗalibi aiki na musamman, ya zaunar da shi kusa da na'urar rasidi yana raba kowace jimla gida biyar da biro.

Da Alhaji ya dawo na kai masa kwamfuta har zaure, muka shiga asusun cikin sauƙi, na nuna masa inda zai danna a cire dokar. Ya gyara zaman tabarau ya ce in fara gaya masa abin da dokar ta ce. Na yi bayani, ya tambaya ko shi ma amincewarsa tana cikin lissafi, na ce ƙwarai, tunda shi ne mamallaki. Ya yi shiru, sannan ya ce tun da ya buɗe ofishin nan bai taɓa ganin abu mai ma'ana irin wannan ba, don haka doka tana nan daram. Ya danna amincewa da babban yatsa, gyaran Kusiri ya wuce, ɗalibin ya rasa aikinsa.

Tun daga ranar kowane gyara sai na kai shi zaure bayan la'asar. Ya gane cewa koren layi ƙari ne, jan layi kuma gogewa, saboda haka ba ya karanta komai, ƙirga launi kawai yake yi. A makon jiya na share wani tsohon rubutu marar amfani daga manhajar masu kantin magani, allo ya yi ja daga sama har ƙasa, kore bai fi layi biyu ba. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Ina biyan ku ku rubuta, ku kuma kuna gogewa?" Ya danna neman a sake gyara, ya kuma umarce ni in kawo masa lissafin ko nawa aka biya a watan da aka rubuta abin da na goge.