Wayar da ba ta jiran mai karatu a hankali

Ina da ƙane a ƙauyenmu da ke gefen Ringim wanda tun yana firamare ake ce masa daƙiƙi, saboda baƙaƙen boko suna cakuɗe masa, kuma layin da ɗan ajinsu zai karanta sau ɗaya shi sai ya maimaita sau huɗu. Sai da na shiga kwalejin horar da malamai na gane cewa abin yana da suna, masana na kiransa disleksiya, kuma ba shi da alaƙa da ƙarancin basira. Wannan yaron ne yau yake bin dillalan awaki zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis, yana haɗa kuɗin dabbobi ashirin da ka kafin mai kalkuleta ya gama dannawa.

Tun da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ciniki ya koma cikin waya, kuma a nan ne ƙwarewarsa take tsayawa. Lambar asusu guda goma ce a jere ba tare da tazara ba, kuma kafin ya tabbatar da ta bakwai, layin bankin ya katse an ce masa lokaci ya ƙare. Idan ya koma manhaja, sai a turo masa wata lambar ta wucin gadi, wadda ita ma take mutuwa kafin ya kwafe ta. Ƙarshenta ya miƙa wa mai POS wayar tare da lambar sirrinsa, abin da bankunan da kansu suke gargaɗin kada a yi. A ganina laifin ba nasa ba ne, na wanda ya tsara manhajar ne bisa zaton cewa kowa da irin saurinsa yake karatu.

Masu galahanga kuwa, wato abin da masana ke kira otizim, tasu damuwar daban ce, domin da yawansu ƙara mai tashi ba zato da hoto mai walƙiya suna rikita su, kuma idan aka sauya wa maɓalli wuri bayan sabunta manhaja, sai ka ce an sauya musu hanyar gida da daddare. Haka yaron da hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya, wanda mu muke cewa ƙiriniya ce kawai: talla ɗaya ta faɗo tsakiyar darasi, ya tafi ke nan.

Abin takaicin shi ne an daɗe da rubuta maganin. Ƙa'idojin da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet a duniya, ta shimfiɗa wa masu gina shafukan intanet sun ce a gargaɗi mutum kafin lokaci ya ƙare, a ba shi aƙalla sakan 20 ya nemi ƙari, kuma kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a sakan ɗaya. Bugun da ya fito a Oktoban 2023 ya ƙara da cewa kada shiga asusu ya dogara kacokan ga hadda ko kwafar baƙaƙe. Mu ma muna da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, sai dai idan ana zancenta, hankali ga matakalar bene da keken guragu yake tafiya, ba a tuna naƙasar da ido ba ya gani.

Roƙona ga matasanmu masu gina manhaja a Kano da Dutse shi ne su raba lambobi uku-uku, su bar maɓalli inda yake, kuma su sa murya ta karanto sunan mai karɓa da adadin kuɗin da Hausa kafin a tura, tunda mutanenmu sun riga sun saba da saƙon murya a WhatsApp. Mahaifinmu ma, da idonsa ya fara rauni, zai amfana da wannan. Kafin su saki manhajar, su kawo ta Maigatari ranar kasuwa, ni zan haɗa su da ƙanena ya gwada musu ita a tsaye cikin hayaniyar kara.