Ƙannena masu bak, me za ku je ku karanta a waje?

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata na Tawa, da na Madawa, Ƙwanni, Keita, Buza da Illela, musamman waɗanda Allah ya ba sa'ar bak, jarrabawar kammala sakandare, bana. Barkanku da arziki, Allah ya sa albarka.

Duk shekara in sakamako ya fito, zance ɗaya ne a fada da bakin lise da cikin WhatsApp: wane ya samu Maroko, wance za ta Turkiyya, ɗan gidan Alhaji ya aika dosiyensa Rasha. Sunan ƙasa kowa ke faɗi. Ka tare yaro ka ce masa, "To, me za ka karanta can?" sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ko me aka ba ni, ni dai in fita." Wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta muku, don tana ba ni tsoro.

Mu Adarawa tafiya a jininmu take. Iyayenmu sun yi Abijan, sun yi Kamaru da Libiya, kuma da wannan bidar aka gina gidaje da yawa a garin nan. Sai dai ɗan bida in ya sauka, duk aikin da ya samu kamawa yake, in bai yi masa ba baɗi ya sake wani. Karatu ba ya sakuwa haka. Fannin da ka sa hannu a kai kana ɗan shekara 19 zai ci maka shekara uku ta lisans, biyu ta mastar, kuma takardar da za ta fito ita za ka riƙa nunawa har furfura. Don haka fara da fannin, ƙasar ta biyo baya.

Ku fara duban bak ɗin da ke hannunku. Mai bak C da mai bak D, wato na ɓangaren kimiyya, ƙofar likitanci, injiniya da noma a buɗe take gare su, mai A kuwa shari'a, harsuna, tarihi, aikin jarida da makamantansu. Masu tantancewa makinku na darussan da suka shafi fannin suke dubawa. In lissafinka tun sakandare rarrafe yake, kada ka rubuta injiniyan kwamfuta don kawai abokinka ya rubuta. Kuma don Allah, ko dosiyen ANAB ne, hukumarmu mai ba da burs, wato tallafin karatu, ko na Türkiye Burslari, burs ɗin gwamnatin Turkiyya, ko na wata ƙasa, ku cika da hannunku. Na sha ganin yaro ya miƙa wa mai shagon intanet takardunsa ya fita shan shayi, wancan ya zaɓa masa abin da ya fara gani a jeri.

Kowa likita yake so ya zama, har iyaye sun fi ƴaƴan so. Sana'a ce mai daraja, ƙasar kuma na bukatar likitoci ƙwarai. Amma ku yi lissafin shekarun da idonku buɗe. A Rasha, Sin da Turkiyya, yawanci sai ka yi shekara guda kana koyon harshe kafin ka taka ajin farko, sannan shekara biyar, shida ko fiye. Ko an ce maka da Ingilishi ake koyarwa, marar lafiyar da za ka duba a asibitin koyarwa da harshen garinsu zai gaya maka inda ke masa ciwo. Sannan cututtukan da za ka tarar a gida, zazzaɓin cizon sauro, tamowa, sanƙarau, ƙyanda, wasunsu a littafi kawai za ka gan su can. In ka dawo akwai tantance takarda, akwai sitaj, akwai rajista da hukumar likitoci kafin ka taɓa kowa. Wanda ya ji duk wannan zuciyarsa ba ta karaya ba, bismilla, ya tafi da addu'armu. Wanda kuwa farar riga kawai ke burge shi, ya sani asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da ita ba. Akwai harhaɗa magunguna, akwai aikin awo, akwai injiniyan na'urorin asibiti. Na'urar hoto ta miliyoyi kan tsaya wata da watanni saboda babu mai buɗe cikinta, kuma da wuya in ji yaro ya ambaci wannan fannin.

Ku ɗaga kai ku dubi jihar nan tamu, ita za ta gaya muku abin da ya kamata ku karanto. Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara, amma lokacin girbi manomi kan sayar da ita a wulaƙance don ba shi da wurin ajiyar da za ta kai lokacin tsada, wadda ya ajiye a rudu kuma wani kaso ya ruɓe. Ilimin adana amfanin gona da sarrafa abinci fanni ne cikakke a jami'o'in Maroko, Tunisiya da Indiya. Arewa da mu, Abalak da Cintabaradan, dukiyar mutane shanun Azawak ne da raƙuma, ga makarantar likitancin dabbobi ta EISMV a Dakar tun 1968, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta. Ƙauyuka nawa ne a Adar mata ke kwana bakin rijiya? Makarantar 2iE ta Wagadugu aikinta ke nan, injiniyoyin ruwa, makamashi da gine-gine. Muna da siminti a Malbaza, muna da gawayin ƙasa kwance a Salkadamna, kuma a Malbazar nan aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a 2018. In kuka leƙa gabas, matatar SORAZ ta Damagaram na aiki tun 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, bututun mai na kusan kilomita 2,000 ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin. Yaron da ya karanto sinadaran man fetur a Sin, ya dawo da Sinanci a bakinsa, ba zai yi gogayya da mutum dubu a kan kujera ɗaya ba.

Marigayi Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ɗan Tasawa ne, an haife shi a 1929. Ya je Faransa ya karanta kimiyyar fizik, ya dawo ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, ya jagoranci ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, a lokacin da mutane da yawa ke ganin abin wasa ne. Rana ce ya ga ƙasarsa ta fi kowa, ita ya je ya karanto. Yau allunan sola sun cika rufin shaguna da rijiyoyin garka, amma masu iya lissafa su da gyara su da ilimi har yanzu ƙalilan ne.

Wani abu kuma, waje ba Turai kaɗai ba ce. Dakar waje ce, Wagadugu waje ce. Mai son zanen gine-gine da tsara birane akwai EAMAU a Lome. Mai ƙarfin lissafi akwai ENSEA a Abijan, makarantar ƙididdiga da ake shiga da jarrabawar gasa, ɗalibanta kuma ba su cika yin zaman jiran aiki ba. Sakkwato ma da ke nan kusa da mu, da Zariya da Kano, in Ingilishinka ya yi ƙwari. Su ma ƴan wasu ƙasashen, Yamai suke zuwa karatu, a cibiyar nazarin yanayi, ruwa da noma ta AGRHYMET da makarantar jiragen sama ta EAMAC, mu muna wuce ƙofarsu a kabu-kabu ba mu ko waiwaya. A ganina, ga mafi yawanku dabara ita ce ku yi lisans a gida, ko a jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa da aka kafa a 2010, ko Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ku dage ku fito da maki mai kyau, sannan ku nemi mastar a waje. Lokacin hankali ya zauna, kun san abin da kuke nema, kuma shekara biyu ce kawai.

Masu son shari'a ku saurara da kyau. Dokar kowace ƙasa tata ce. Wanda ya yi shekara huɗu yana haddace dokokin Turkiyya ko na Indiya, ranar da ya zo jarrabawar shiga aikin alƙali ko lauya a Yamai, dokar Nijar za a tambaye shi. In dole sai waje, ƙasashen da muke tarayya da su a dokokin kasuwanci na OHADA, irin Senegal, sun fi kusa da abin da za ka yi aiki da shi. Haka zancen yake ga fannonin da sunansu ke da daɗi a kunne, huldar ƙasa da ƙasa, kimiyyar siyasa, gudanar da kasuwanci. Ban raina su ba. Ku dai ƙirga yayyenku da suka dawo da su, ku ga nawa ne suka gama sarbis sibik suka koma zaman fada.

Ƴan makarantun Faransanci da Larabci, ku ma da ku nake. Azhar da jami'ar Madina gidajen ilimi ne masu albarka, malamanmu da dama can suka sha, ga kuma jami'ar Musulunci ta Say a gida. Ilimin addini ba a sa masa farashi. Amma ku sani tun 1961 Azhar take da sassan likitanci, injiniya da noma, ba shari'a da usuluddini kaɗai ba. Wanda kuma ya zaɓi fannin addini, kada ya saki Faransancinsa, ya haɗa da wata sana'a ko ilimin koyarwa, don in ya dawo kada ƙofa ɗaya tak ta rage masa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Dillalan karatu sun yi yawa, wasu da ofis da kati, wasu a Facebook kawai. Za su nuna maka hoton gini mai gilashi, su ce an rage maka rabin kuɗin makaranta, za ka yi aiki kana karatu ka biya sauran. Arewacin tsibirin Kuburus ya yi ƙaurin suna a wannan harka. Yanki ne da ƙasar Turkiyya kaɗai ta amince da shi, kuma ɗaliban Afirka da yawa sun je sun tarar aikin babu, kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Kusa da mu ma, a ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Najeriya ya bayyana yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, abin da ya sa gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, har masu karatun gaskiya abin ya shafa. Kafin Baba ya sayar da sa ko Inna ta fitar da adashenta, ku bincika abu biyu: ma'aikatar ilimi mai zurfi ta waccan ƙasa ta san da makarantar? Fannin da za ka yi, shi kansa, yana cikin waɗanda CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun jami'o'i, ko hukumominmu ke amincewa da su? Makaranta na iya zama da izini, wani fanni a cikinta ba shi da shi. Sannan ku nemi lambar ɗan Nijar da ke aji biyu ko uku a wurin, kusan kowace ƙasa akwai ƙungiyar ɗalibanmu. Ku tambaye shi kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, sanyin hunturu, da ko burs ɗin na kai shi ƙarshen wata. Dillali ba zai gaya muku wannan ba, shi kamashonsa yake jira.

Batun kuɗi ku faɗa wa iyaye gaskiya tun farko. Faransa, alal misali, a 2019 ta sa wa ɗaliban da ba ƴan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na yuro 2,770 a shekara ga lisans, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 800, ban da ci da kwana, ko da yake wasu jami'o'in na yafewa. Yanzu ma ofishin jakadancinta na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, neman biza ya zama wata tafiyar daban. Burs kuma, ko ta wace ƙasa ce, tana iya yin latti, mai gidan haya kuwa ba ya jira. Yaron da yunwa ta tura aikin dare a gidan abinci, da safe barci zai yi a aji.

Ƙannena mata, kada wani ya ce muku fannin kimiyya na maza ne. Mace nawa ce a karkara ke ƙin zuwa awo don namiji za ta tarar? Likitar mata, ungozoma mai zurfin ilimi, mai harhaɗa magani, duk jiranku ake. Ku zaunar da Baba ku nuna masa inda za ku kwana, wa ke kula da gidan ɗalibai, waɗanne ƴan uwa mata ne a garin. Yawancin iyaye tsoro ne ke sa su hana, in suka ga tsari sukan sassauta.

Wanda Allah ya nufa ya tafi, ga abin da yaƙin Yukren na 2022 da na Sudan na Afrilun 2023 suka koya wa ɗaliban Afirka: mutane sun gudu da kayan jikinsu, shekara huɗu ko biyar ta karatu ta maƙale a ofishin da ba mai buɗewa, wasu sai da suka koma aji ɗaya a wata ƙasa. Saboda haka ƙarshen kowace shekara ka karɓi takardar makinka mai hatimi, ka ɗauki hotonta, ka aika wa kanka ta imel, ka aika wa wani yayanka a gida. Ka yi rajista da ofishin jakadancin Nijar mafi kusa tun makon da ka sauka. In ka gama kuma, kada murnar dawowa ta sa ka hau jirgi da takardar shaidar wucin gadi. Ka tsaya ka karɓi difloma ta ainihi, a buga mata hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin wajen ƙasar, in da Rashanci ko Sinanci ko Turkanci aka rubuta ta ka sa mai fassara da hukuma ta yarda da shi ya juya ta zuwa Faransanci, don a Yamai za a nemi duk wannan ranar da ka kai ta tantancewa, kuma aika ta baya daga Tawa ya fi tikitin jirgin wahala.