Kotun kama mu tana aiki, ta kare mu kuwa a rufe

Ni tela ne, kekunan ɗinki uku gare ni da yara huɗu a shago. Duk wanda ya san sana'armu ya san azumi ne kakarmu, abin da ka samu a ɗinkin sallah da shi za ka biya hayar shekara. A 2020 an kulle Kano ranar 16 ga Afrilu saboda korona, azumi ya kama mako guda bayan haka, ranar 27 ga wata kuma Shugaba Buhari ya ƙara mana mako biyu. Hayata ta ƙare a tsakiyar wannan kulle.

Da aka fara sassautawa ranakun Litinin da Alhamis, na garzaya shago na tarar da kwado a saman nawa. Sabo fil, ko ledarsa ba a gama ɓarewa ba. A ciki akwai shaddodi da atamfofin mutane, har da leshin wata amarya. Na kira mai shagon na ce, "Alhaji, don girman Allah a bar ni in fitar da kayan mutane, in yi ɗinkin a gida in biya ka." Ya ce, "Malam, ni ma haya nake ci da ita. Kawo kuɗi ka karɓi makulli."

To ina zan kai kuka? Tun ƙarshen Maris Alƙalin Alƙalan Najeriya, Ibrahim Tanko Muhammad, ya dakatar da zaman kotuna sai shari'ar gaggawa. Amma a wannan lokacin ne aka baza kotunan tafi-da-gidanka a gari, ana gurfanar da wanda ya fito neman abinci, a ci shi tara nan take. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. In hukunci ne, shari'a tana da mota da mai da alƙali, za ta same ka a bakin titi. In kai aka zalunta, sai ka jira annoba ta wuce.

Na samu lambar wani lauya. Kafin in gama bayani ya ce sai na tura kuɗin buɗe fayil. Mutumin da ya yi makonni bai taka keke ba, yana cin bashin gero a kanti, ina zai samo? Na taka da ƙafa zuwa wani ofishin da aka ce ana taimaka wa talaka kyauta, maigadi kaɗai na samu. Ba lambar waya a ƙofa, ba takardar da ta ce ga ranar dawowa. Ita ma dokar taimakon shari'a ta 2011 ta wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba ce, naira 30,000 a lokacin. Mu masu ƙananan sana'a mun fi ƙarfin kyauta a takarda, lauya kuma ya fi ƙarfinmu a aljihu.

Sai bayan sallah wani ɗan unguwarmu mai karatun lauya ya gaya mini wanda ya ba da haya ba shi da ikon garƙame shago da hannunsa, dole ya ba da notis, kotu ta ba shi umarni. Magana ce ta minti biyu! Rediyo ta wuni tana cewa a wanke hannu, a sa takunkumi, kuma daidai ne. Amma me ya hana a sa lauya ɗaya ya faɗi wannan da Hausa? Me ya hana a ware layin waya guda na masu shago, kamar yadda aka ware na masu zazzaɓi?

A ƙarshe mai unguwa ne ya shiga tsakani, na sayar da keke ɗaya a wulaƙance na biya rabi. Ranar da aka cire kwadon, sallah ta wuce da kwanaki. Uwar amaryar nan ta zo ta karɓi leshinta a ninke yadda ta kawo shi, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ba ta sake kawo mini ko ɗankwali ba, yarana biyu kuma suka koma wani shagon.