Manhajarku ce ta tsufa, ku daina cewa mu kashe tsaron kwamfuta

Haba jama'a! Kamfani ya sayar maka da manhajar lissafin kaya, duk shekara yana karɓar kuɗin kulawa, amma ranar da manhajar ta fara mutuwa a sabuwar kwamfuta, abin da ma'aikacinsu zai ce maka shi ne: "Ka kashe DEP gaba ɗaya, za ta tashi." DEP ɗin nan wata kariya ce da ke cikin Windows don tare masu kutse. Ni ma haka aka ce mini, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Wanda bai taɓa gamuwa da wannan masifa ba ba zai gane ba. Kana tsakiyar shigar da bayanai, sai taga ta ɓace ba sallama, aikin da ba ka adana ba ya tafi. Ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakuran da suka faru, ka tarar da kuskure mai lamba 1000 da 0xc0000005 a ciki, ma'ana manhajar ta taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba a ba ta izini ba. Ba kullum DEP ke jawo wannan lamba ba, sai an duba sunan fayil ɗin da ya faɗi. Su kuwa ko tambayar sunan ba su yi ba.

DEP ba sabon abu ba ne. Tun 2004 ya zo da Windows XP SP2, yana dogaro da wata fasaha ta cikin firosesa da kamfanin AMD ke kira NX, Intel kuma XD. Aikinsa ya hana a gudanar da umarni daga wurin da aka ware don ajiye bayanai kawai, domin ta nan masu kutse ke cusa mugun abinsu. ASLR, mai sauya wa manhaja mazauni a ƙwaƙwalwa don kada ɓarawo ya san inda zai dosa, ya biyo baya da Windows Vista a 2007. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da zuwan DEP! An daɗe da sanin cewa manhajojin da aka gina da ATL 7.1, wani kayan gina manhaja na Microsoft, ko wanda ya girme shi suna karo da shi, kuma maganin a sake gina su da sabbin kayan aiki. Me ya hana ku? Kuɗin da muke biya ina yake zuwa?

Shawararsu ita ce a rubuta umarnin bcdedit a mayar da nx zuwa AlwaysOff, wato a kashe DEP a kwamfutar baki ɗaya. Wannan tamkar a cire ƙofar gida ne don baƙo ɗaya ya kasa shiga. Ba su ma faɗa maka cewa in BitLocker, makullin da ke ɓoye bayanan cikin kwamfuta, na kunne, kwamfutar na iya neman mabuɗin ceto da zarar ka sake kunna ta ba. Wanda bai adana mabuɗin ba ya shiga uku.

Alhali hanyar da ta dace tana nan. Tun Windows 10 na 2017, a cikin Windows Security akwai Exploit protection, inda za ka saka sunan manhajar ita kaɗai, ka sassauta mata DEP ko ASLR na tilas, sauran kwamfutar na nan da kariyarta. Tsohuwar manhaja mai bit 32 tana karɓar wannan sassauci. In ta ƙi, a sa ta cikin kwamfutar kwaikwayo (virtual machine, wadda ake gudanarwa a cikin kwamfutarka) mai tsohon Windows, a yanke mata intanet.

Sai kuma direban ɗan mabuɗin lasisinsu na USB, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, wanda wani tsaro na Windows 11 mai suna Memory integrity ya ƙi amincewa da shi saboda tsufa. Nan ma amsa ɗaya ce: a kashe. A cikin kwamfutar nan akwai bayanan abokan ciniki da na albashin ma'aikata. In aka sace su, wa zai amsa?

Ba zan kashe komai ba. Ku fitar da sabon direba, ku sake gina manhajarku, ko ku faɗa mana a rubuce cewa kun daina kula da ita, mu kwashe bayananmu mu nemi wata.