Kamfanonin Jiragen Sama Sun Yawaita, Amma Gasar Ba Ta Kai Hanyoyin Arewa Ba

Duk lokacin da aka ƙaddamar da sabon kamfanin jiragen sama a ƙasar nan, sai ka ga ana ta murna a kafafen sada zumunta, ana cewa gasa ta ƙaru, kuɗin tikiti zai sauko. Ibom Air ya fara jigila a 2019, United Nigeria da Green Africa suka biyo baya a 2021, ValueJet ya shigo a 2022, Rano Air kuma a 2023, ga Max Air da ya shiga jigilar cikin gida tun 2018 bayan ya daɗe yana aikin alhazai, ga kuma Air Peace da ya fara a 2014 ya zama mafi girma a cikinsu. Wanda ya shiga filin jirgin Murtala Muhammed da safe zai ga sunaye birjik a kan allo. A ganina yawan sunaye ba shi ne gasa ba, kuma mu 'yan Arewa mazauna Legas mun fi kowa sanin haka, domin hanyoyin da muke bi zuwa gida su ne gasar ba ta kai gare su ba.

Tsakanin Legas da Abuja kusan kowane kamfani yana da jirgi, tun daga asuba har dare, ta yadda idan wannan ya tsawwala kuɗi ko ya ɓata lokaci, fasinja yana da inda zai koma. Amma mai son zuwa Sakkwato, ko Maiduguri, ko Yola, ko Katsina, sau da yawa kamfani ɗaya ko biyu ne kawai a gabansa, wani lokaci ma sai ya sauka a Abuja ya jira wani jirgin. Kano ce kaɗai ke da ɗan dama-dama. Dillalin shanu a Oko-Oba ta Agege, ko mai kawo albasa da tumatir kasuwar Mile 12, idan aka buga masa waya cewa mahaifinsa ya rasu, ba shi da zaɓin jiran ranar da tikiti zai yi sauƙi, tunda mu ba ma ajiye gawa. Hanyar mota zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, ga halin rashin tsaro da kowa ya sani, wanda harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya nuna cewa bai bar layin dogo ba. Ga irin wannan mutum, jirgin sama ba alfarma ba ne, kuma duk farashin da aka yanka masa haka zai biya.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfanoninmu ba sa tsufa. Wanda ya san harkar nan tun shekarun baya zai tuna Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, da Okada Air na Benin, da Chanchangi na Kaduna, da IRS, da Bellview, da Sosoliso, da ADC. Nigeria Airways, wanda shi ne na gwamnati, ya daina tashi a 2003. Virgin Nigeria da aka kafa don ya maye gurbinsa ya canza suna har ya koma Air Nigeria, shi ma ya tsaya a 2012. Arik ya fara a 2006 da sababbin jirage fil, ya mamaye kasuwa na tsawon shekaru, amma bashi ya ci ƙarfinsa har AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan da aka kasa biyan bankuna, ta karɓe shi a watan Fabrairu na 2017. Ko Aero Contractors, wanda yake aiki tun 1959, sai da ya faɗa hannun wannan hukuma. Kamfanin da ba shi da tabbacin kaiwa baɗi ba zai yi haƙurin renon sabuwar hanya ba har fasinjojinta su taru, zai kai 'yan jiragensa inda kujeru ke cika tun ranar farko.

Akwai 'yan uwanmu da suke fassara wannan da cewa ƙiyayya ce ake yi wa Arewa, kuma ban yarda da su ba, domin kamfanonin da 'yan Arewa suka mallaka su ma lissafin da suke yi ke nan. Tushen matsalar shi ne kamfani yana sayar da tikiti da naira, alhali kuɗin hayar jirgi, da kayan gyara, da mafi yawan inshora, da horar da matuƙa, duk da dala ake biya. Babban duban da ake yi wa jirgi lokaci-lokaci, wanda ake kwance sassansa a bincika, yawanci sai an kai shi ƙasar waje, ko da yake Aero yana yi wa wasu nau'ukan Boeing 737 a nan Legas. Da darajar naira ta faɗi bayan sakin farashin canji a watan Yuni na 2023, jirage da dama sun maƙale a wurin gyara saboda ba a samu dalar fanso su ba. Man jirgi ma haka: a 2022 lita ta tashi daga kusan naira 190 zuwa naira 700, har ƙungiyar masu kamfanonin jirage ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu na shekarar. A kan duk wannan kuma ga kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kowane tikiti da ake cirewa NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ban da kuɗaɗen sauka da na amfani da fili.

Wani abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne filayen jirgin da suke rufewa da faɗuwar rana saboda rashin fitilun titin sauka. Jirgi ba ya kawo kuɗi sai yana sama. Idan jirgin da ya kamata ya tashi da azahar ya makara, kuma filin da zai sauka ba ya karɓar jirgi bayan magariba, soke tafiyar za a yi, kamfani ya yi asara, fasinja ya kwana a Ikeja. Idan hazo ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, filin da na'urorinsa ba su da ƙarfin saukar da jirgi cikin duhun ƙura yakan yi kwanaki babu zirga-zirga. Saboda haka nake ganin gwamnan da yake son jihar tasa ta samu jirage, gara ya kashe kuɗi a kan fitilu da na'urorin sauka, maimakon gina katafaren zauren fasinja ko gaggawar kafa kamfanin jiha.

Shekarun da aka ɓata a kan Nigeria Air, sabon kamfanin jiragen sama da gwamnatin tarayya ta so kafawa, tun daga bayyana tambarinsa a Ingila a 2018 har zuwa lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyarsa da Ethiopian Airlines a 2024, da an yi amfani da su wajen rage waɗannan nauye-nauye, da an fi cin riba. Matakin da na fi yabawa shi ne ƙa'idar shari'a da aka sanya wa hannu a watan Satumba na 2024 kan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Cape Town game da haya da jinginar jirage, wadda ta ba masu bayar da hayar jirage tabbacin karɓar kayansu idan aka kasa biya. Tsoron maƙalewar jirgi a kotunan Najeriya na daga cikin abin da ya sa hayar take yi wa kamfanoninmu tsada. Idan haya ta yi sauƙi, ƙananan jirage masu kujeru hamsin zuwa saba'in, irin Embraer da ATR, su ne suka dace da hanyar Legas zuwa Gombe ko Birnin Kebbi, inda cika Boeing kullum ba zai yiwu ba.

Ba na kiran a sassauta dokokin kiyaye lafiyar jirage don sababbin kamfanoni su shigo. Mutanen Gwammaja a Kano ba su manta da jirgin EAS da ya faɗa musu a 2002 ba, haka nan ba mu manta da hatsarin ADC na Oktoban 2006 da ya yi sanadin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ba. Abin da nake so hukumomi su matsa a kansa shi ne yarjejeniya tsakanin kamfanoni, ta yadda idan ɗaya ya soke tafiya, tikitin fasinja zai yi aiki a jirgin ɗayan, kuma mutum zai iya sayen tikiti guda daga Legas zuwa Yola ko da kamfanoni biyu ne za su ɗauke shi. Hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta tsoma baki lokacin da kamfanoni suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000 kusan lokaci guda a farkon 2022, ya kamata ta riƙa duba farashin hanyoyin da kamfani ɗaya ke riƙe da su, musamman a makon Sallah. Su kuma sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu na Agege da Mile 12, suna da damar tattara bayanin yawan mutanensu da ke tafiya gida duk mako, su zauna da kamfanonin, su nuna musu da alƙaluma cewa akwai fasinjojin da za su cika jirgi kai tsaye zuwa Sakkwato da Maiduguri.